Zauren Iyali: Ƙwayar bi-ko da maganar sankarar mama

 

A cikin watan da ya gabata, maganganu biyu sun iso mana daga unguwa ɗaya a nan Atonsu, kuma kowace tana tunkuyin 'yar'uwarta kamar raguna biyu a turke guda. Ta farko wani magidanci ne ya kawo ta bayan sallar isha'i. Ya ce maiɗakinsa tana da ciki wata uku, kuma ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta wajen awo, saboda wani saƙon murya da ya zagaya a WhatsApp, inda wata mata take rantsuwa cewa Turawa sun gano folik asid yana kawo sankarar mama, wadda a nan muka fi sani da kansar nono. Ta biyu kuwa wata dattijuwa ce daga cikin iyayenmu. Ta hau tirotiro daga Kejetia za ta gida, sai wani mai tallar magani ya miƙe a cikin motar ya yi ta zuba, har ya sayar mata da kwalbar bitamin B, wato bi-ko, a kan cewa duk macen da ta lizimce shi kansa ba za ta kusanci nononta ba. Ta tare mu a ƙofar gida da kwalbar a ɗaure a bakin mayafi, ta ce, “Ɗan Malam, kai da ka yi boko, wannan magana gaskiya ce?” Muka ce, “Mma, a yi mana haƙuri mu bincika tukuna, kada mu faɗa miki abin da ba mu tabbatar ba.”

To, mun bincika, mun kuma tambayi waɗanda aikinsu ke nan, kamar yadda addininmu ya umarce mu da tantance labari kafin a yi aiki da shi, da kuma komawa ga masana idan abu ya shige duhu. Abin da muka samo shi ne muke son mu shimfiɗa a nan, domin mun tabbata ba gidajen nan biyu kaɗai maganar ta shiga ba.

Da farko, abin da ake kira bitamin B ba abu ɗaya ba ne. Dangi ne mai 'ya'ya takwas, waɗanda aka yi wa lamba: B1, B2, B3, B5, B6, B7, B9 da B12. Folik asid ɗin da ake ba masu ciki shi ne B9, bi-ko kuwa haɗi ne na wasu daga cikinsu a ƙwaya ɗaya. Dukkansu suna narkewa a ruwa, shi ya sa mafi yawan abin da ya yi wa jiki yawa yake fita ta fitsari. Launin ɗorawan nan da mai shan bi-ko yake gani a fitsarinsa, har wasu su ce ai magani ne yake wanke ciki, ba wani abu ba ne illa rarar B2 da jiki ya zubar, wato kuɗin mutum ne ke bin rariya.

Tarihin folik asid kansa da mata masu ciki ya fara. A shekarar 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills tana aiki a birnin Bombay na Indiya, ta lura cewa wani irin ƙarancin jini da ke kashe matalautan mata masu ciki yana warkewa idan aka ba su wani abin ci da aka yi da yis. Bayan shekara goma, a 1941, aka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa, aka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye. Aikinsa a jiki shi ne taimakawa wajen gina sababbin ƙwayoyin halitta, domin duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun gadon da ke cikinta, kuma ba ta iya wannan kwafi sai da shi. Saboda haka ne ɗan tayi, wanda ba shi da aiki sai girma, yake tsananin bukatarsa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauki ciki ba. Idan bai rufe daidai ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen baya ko da tawayar kai. Wani babban gwaji da hukumar binciken lafiya ta Ingila ta jagoranta, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1991, ya nuna cewa a tsakanin matan da suka taɓa samun irin wannan ciki, folik asid ya rage maimaituwarsa da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan ba magana ce ta zato ba, tana cikin tabbatattun abubuwan da likitanci ya sani. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha maikrogiram 400 na folik asid kullum tare da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, shi ya sa kuma Amurka ta wajabta zuba shi a garin fulawa tun 1998, ƙasashe da dama suka bi sahu, har da Gana. Ashe ke nan wanda ya karya da burodi da koko yau da safe, ya riga ya ci rabonsa bai sani ba.

To daga ina tsoron sankara ya ɓullo? Haƙiƙa saƙon muryar nan bai faɗo daga sama ba, yana da ɗan tushe, kuma ƙaryar da ta fi wuyar kashewa ita ce wadda aka kwaɓa da ɗan gishirin gaskiya. Ita ma sankara ƙwayoyin halitta ne da suka ƙi jin tsawa suna ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, don haka abin da ke ciyar da ɗan tayi yana iya ciyar da ita. A 1947 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya ba yara masu sankarar jini wani nau'i na wannan sinadari, sai ya ga kamar cutar ta ƙara gudu. Sai ya juya tunanin, ya nemi maganin da zai toshe hanyar sinadarin, kuma a 1948 ya ba da rahoton yaran da cutarsu ta lafa na wani lokaci. Daga wannan gida ne aka samo maganin metotirezet, wanda aka daɗe ana haɗawa da wasu wajen jinyar sankarar mama. Tun daga nan masana suke tambayar kansu: idan mace ta sha bitamin B da yawa, shin tana tsare lafiyayyun ƙwayoyin jikinta ne daga lalacewa, ko kuwa tana zuba wa wata ɓoyayyiyar ciyawa taki?

An yi ta bin wannan tambaya shekara da shekaru, kuma amsoshin farko sun saɓa wa juna. A 1999, wani bincike da ya bi dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka ya ga cewa isasshen folik asid yana rage ƙarin haɗarin da shan giya ke jawo wa mace, amma bai ga wani amfani bayyananne ga sauran mata ba. A 2006 wani binciken, shi ma a Amurka, a kan mata kimanin 25,000 da suka daina al'ada, ya ga cewa masu shan ƙwayar folik asid sun ɗan fi sauran kamuwa, da kusan kashi 20 cikin 100. Muna kyautata zaton irin wannan ne ya bi baki-baki har ya zama saƙon murya. Sai kuma a 2017 aka buga wani daga Faransa, wanda 'yan'uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla wataƙila sun taɓa jin sunansa, wato NutriNet-Santé. An bi mata 27,853 masu shekara 45 zuwa sama, 462 daga cikinsu suka kamu da sankarar mama. Aka ga waɗanda suka fi samun B6, ko ta abinci ko ta ƙwaya, sun fi sauran kuɓuta, kuma amfanin ƙwayoyin bitamin B ya fi bayyana ga matan da ba sa shan giya ko masu shan kaɗan. Da mai tallar tirotiro ya san da wannan, da ya ƙara wa kwalbarsa kuɗi.

Mai karatu zai ce, to wanne za mu kama? A nan ne ya kamata mu tsaya mu fahimci wani abu da zai yi mana amfani har a wasu labaran lafiya da za mu ji nan gaba. Duk waɗannan bincike uku iri ɗaya ne: an zuba ido ne kawai a kan abin da mata suke ci da sha da kansu, aka ƙirga wadda ta kamu da wadda ba ta kamu ba. Amma macen da take cire kuɗi tana sayen bitamin kullum, ta bambanta da wadda ba ta saya ta fuskoki masu yawa. Sau da yawa ta fi ta abin hannu, ta fi ta zuwa asibiti, abincinta daban, yawan haihuwarta daban. Idan aka ga bambanci a tsakaninsu, ba a iya rantsuwa cewa ƙwayar ce ta kawo shi. Alal misali, idan muka ƙirga muka ga masu zuwa masallaci da lema sun fi sauran tsawon rai, ba za mu ce lema ce ke ƙara kwana ba, sai dai mu ce wataƙila mai tuna lema mutum ne mai kula da kansa a komai.

Hanyar da ta fi wannan ƙarfi ita ce gwaji na ƙuri'a. A tara mutane, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa kashi ɗaya maganin gaske, ɗaya kashin a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. An yi irin wannan. A Amurka an ɗauki mata 5,442 ma'aikatan lafiya, masu shekara 42 zuwa sama, aka ba rabinsu folik asid da B6 da B12 masu yawa, fiye da abin da ake ba mai ciki nesa ba kusa ba, har tsawon shekara bakwai da 'yan watanni. Da aka bayyana sakamako a 2008, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin ɓangarorin biyu, ko a sankarar mama ko a sankara gaba ɗaya. Sannan a 2013 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani aiki da ya haɗa gwaje-gwaje 13 masu ɗauke da mutane kusan 50,000, shi ma ya nuna cewa a cikin kimanin shekara biyar na shan folik asid, sankara ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba, har da ta mama.

Wannan ita ce hujja mafi nauyi da ake da ita, kuma ta kayar da masu magana biyun nan a lokaci guda. Ƙwayar awo ba ta tabbata tana kawo sankarar mama ba, bi-ko kuma bai tabbata yana hana ta ba. Mai cikin da ta ajiye maganinta ta guji inuwa ce ta faɗa rami na gaske, domin haɗarin da take tsoro ba a gan shi a gwaji ba, wanda ta jefa ɗanta ciki kuwa an gan shi an auna shi. Mun gaya wa mijinta haka, muka kuma roƙe shi ya raka ta awo na gaba a asibitin Kumasi ta Kudu da ke nan Atonsu Agogo, ya ji daga bakin ungozoma da kunnensa, maimakon ya tsaya a waje yana jiran ta a kan babur.

Sai dai kada a fahimce mu da cewa tunda bitamin ne, a sha yadda aka ga dama. Akwai wurare uku da ƙari yake zama ɓarna. Mai ciki a ƙasar nan ana ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wajen awo, wanda shi ma ta hanyar toshe folik asid yake kashe ƙwayar cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa miligiram 5 na folik asid a kullum, ko fiye, yana karya ƙarfin wannan rigakafi. Don haka wadda ta je kantin magani ta ƙaro wa kanta babbar ƙwaya a kan wadda aka ba ta, ba tare da likita ya rubuta ba, ba gata ta yi wa cikin ba. Na biyu, B6 idan ya yi yawa kuma aka daɗe ana sha, yana lalata jijiyoyi, mutum ya riƙa jin tafin ƙafa da yatsu suna masa zugi ko suna mutuwa. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai a 2023 ta sa iyakarsa ga baligi a miligiram 12 a yini, alhali akwai ƙwayoyi a kasuwa masu miligiram 50 har 100, kuma abin takaici, don maganin wannan zugin ne wasu suke sayensu. Na uku, kuma wanda ya fi shafar zancenmu, shi ne macen da aka riga aka tabbatar tana da sankara tana karɓar kemo. Wani bincike a Amurka a kan mata sama da 1,000 masu wannan jinya, wanda ya fito a ƙarshen 2019, ya ga cewa waɗanda suke shan B12 kafin kemo da lokacin kemo, cutar ta fi dawo musu. Shi ma irin binciken zuba ido ne, ba hukunci ba ne yankakke, amma ya isa ya sa duk mai jinya ta zuba kowace kwalba da take sha a leda, har da jiƙo da tsimi da maganin ƙarin jini da 'yan dubiya suka kawo, ta kai wa likitanta ya gani. Mu mutane ne masu zumunci, ba ma zuwa dubiya hannu rabbana, amma wani lokaci ayaba da lemo sun fi kwalba.

Akwai kuma waɗanda bukatarsu ta gaskiya ce: tsofaffin da cikinsu ya rage tsotsar B12, da masu ciwon sukari da suka daɗe a kan maganin metfomin, wanda aka san yana rage shi, da wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci. Waɗannan su sha abin da aka rubuta musu. Sauranmu kuwa, tukunya ta fi kanti. Wake, wanda ko sunan waakye daga gare shi aka samo, da gyaɗa da kuɓewa da alayyafo da kontomire da hanta duk suna da folik na halitta, sai dai doguwar tafasa tana kashe shi, don haka a riƙa zuba ganye a ƙarshen girki. B12 kuwa sai a nama da kifi da ƙwai da madara da wagashi.

Mu koma ga dattijuwar nan. Da muka je mata da amsa, muka ce, “Mma, maganin nan ba zai cuce ki ba idan kin sha daidai, amma ba ya tsare nono daga komai.” Sai ta yi shiru, ta daɗe tana juya kwalbar a hannu. Daga baya ne 'yarta ta sanar da maiɗakinmu abin da ya sa ta saya. Ashe tun kafin azumi take jin wani ƙullutu a nononta na hagu, ba ya ciwo, ba ta gaya wa kowa ba, kuma kwalbar nan ita ce ta uku.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Cutarwar bi-ko ba a cikin ƙwayar take ba, tana cikin watannin da yake cinyewa. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2020 ta nuna cewa a Gana mata fiye da 4,000 ne suka kamu da sankarar mama a shekarar, fiye da 2,000 kuma suka rasu, kuma likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa mafi yawan mata ba sa zuwa sai cutar ta yi nisa. Daga nan ne aka samo maganar da ke yawo a zangonninmu, cewa duk wadda aka yi wa aikin nono ba ta tashi, alhali jinkirin ne ya yi kisa, wuƙar likita ta zo ne a makare. Mu mutanen Kumasi ba mu da uzurin nisa. Ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda iyayenmu ke kira Ji, yana da sashen sankara da na'urar gashi. Ga asibitin Peace and Love a Oduom, na Dakta Beatrice Wiafe Addai, wadda ta kafa ƙungiyar Breast Care International a 2002 don wayar da kan mata. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, ta sa sankarar mama cikin cututtukan da take ɗauka, ko da yake kowa ya san ba a rasa kashe-kashe na gefe, don haka a duba katin tun yanzu ko ya mutu. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 kuma ta hana tallar kowane magani da sunan yana warkar da sankara ko yana hana ta, saboda haka mai faɗin haka a mota ko a rediyo ya saɓa wa doka tun kafin a zo ga ko gaskiya ya faɗa.

Mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, sai hoto da gwajin ɗan abin da aka ɗebo. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne ma ya fi cancantar a yi masa sauri. Haka nan idan fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko aka ji ƙullutu a hamata. Mun san kunya ce ke riƙe da yawa daga iyayenmu, kuma kunya ado ce, amma malamanmu ba su yi saɓani ba a kan halaccin nuna wa likita wurin ciwo idan lalura ta kama, kuma mace tana da damar ta nemi ma'aikaciya mace ta duba ta. Addu'a da rubutu su tafi tare da ita asibiti, kada su tsare ta a gida. Ku kuma magidanta, matan da yawa ba ciwon suke tsoro ba kamar yadda suke tsoron a juya musu baya ko a yi musu kishiya suna kan gadon jinya, kuma wannan tsoro mu ne kaɗai za mu iya cire shi.

Ga masu neman abin da aka tabbatar yana rage haɗari, akwai wanda ke hannunmu kyauta. Wani babban nazari da Lancet ta buga a 2002, wanda ya haɗa bayanai daga ƙasashe 30, ya nuna cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin sankarar mama da kusan kashi 4 cikin 100, kuma mun san shekara biyun da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cika shayarwa. Sai motsa jiki, da kiyaye ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da nisantar giya, wadda dama an haramta mana. Duk waɗannan ragewa suke yi, ba sa rufe ƙofa, domin akwai wadda ta shayar da 'ya'ya takwas kuma ta kamu.

Dattijuwar nan dai 'yarta da ɗanta sun kai ta asibiti ranar Talatar da ta wuce, an yi hoto, an ɗebi abin gwaji, ana jiran sakamako. Muna roƙon masu karatu su sa ta a addu'a ba tare da neman sanin ko wace ce ba. Mai cikin kuma ta koma shan maganinta. Masu tambaya su ci gaba da ajiye wasiƙunsu a ofishin ƙungiya kamar yadda aka saba, wadda ba ta son a san sunanta kada ta rubuta shi. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.